Hannun Nasiru

Zuwa ga taubashina Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwancinka. Na san babu direban da zai kai maka wannan takarda. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo min za ka yi ka ce in karanta maka tunda ni ne malamin makaranta, sannan ka gyara min karatun. To yau ni na rubuta, ni kuma zan karanta wa kaina. Magana ce ta tsaya min a rai, kuma duk Rogo babu wanda ya kamata ya ji ta sai kai.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau, gyaɗar gonarka ta hanyar Fulatan ta yi 'ya'ya fiye da bara. Hajara ta fita takaba, ta koma suyar ƙuli-ƙulinta, tana ƙoƙari ƙwarai, sai dai har yanzu in an ambaci sunanka sai ta tashi ta shiga ɗaki kamar ta manta wani abu. Katangar masallacin da ka bari rabi, ɗanka Nasiru ya ƙarasa ta kafin ruwa ya sauka. Soron da ka gina min kuwa yana yoyo ta kusurwar gabas. Wannan ƙarar na ajiye ta sai mun haɗu, kada ka zaci mutuwa ta wanke ka. Filin ƙwallonmu yana nan, amma wani bawan Allah ya shuka wake a bayan raga, yanzu duk wanda ya ɓarar da ƙwallo sai ya sha zagi sau biyu.

A kan Nasiru nake rubuto maka.

Bayan girbi an yi wasan ƙarshe a Karaye, mu da 'yan Zoza. Ashe a cikin 'yan kallo akwai kocin wani kulob na Kano, irin wanda ke biyan 'yan wasansa albashi duk wata. Da aka tashi ya kira Nasiru gefe, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan jikin bai kamata ya ƙare a ƙauye ba, ya zo a gwada shi. Yayanka Sani, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya ce ya yarda sau ɗaya tak. In an ɗauke shi shi ke nan, in ba a ɗauke shi ba ya dawo ya riƙe ginin ubansa, kada a sake yi masa maganar ƙwallo a gida. Ka san Sani, ba ya magana biyu. Ranar nan Nasiru ya buɗe akwatinka ya ɗauko jar rigarka mai lamba tara, ya wanke ta da kansa ya shanya.

Ka tuna abin da kake gaya min in muna zaune a bakin fili muna zaɓen yara? Kullum cewa kake kada in kalli bugu, kowane jaki ma yana da shuri. In kalli yadda yaro ke karɓar ƙwallo. Shin yana tsayawa ta same shi ne, ko yana zuwa ya tarbe ta? In ta sauka a ƙirjinsa, tana kwantawa ko tana guduwa? In wani ya dafa bayansa yana turawa, idonsa na kan ƙwallon ko ya koma kan mai turawar? Da wannan ma'aunin ka auna yaran Rogo kaf, ka sa wasu kuka, ka sa iyayen wasu suka daina gaishe ka. Kuma ban taɓa ganin ka yi kuskure ba. Kai kanka haka kake a zamaninka, ka ba raga baya, mutum biyu na rataye a kafaɗarka, ƙwallo ta zo ta kwanta maka a ƙirji kamar ta san gidan.

Yaro ɗaya ne kawai ba ka taɓa ɗorawa a wannan ma'aunin ba, shi ne naka.

Haladu, Nasiru ba lamba tara ba ne. Na faɗa, ga shi a rubuce. Jiki yana da shi, har ya fi ka. Ba ya tsoron karo, in ya tsaya a gaban mutum ya tare masa hanya sai dai mutum ya zagaya. Amma in ƙwallo ta zo masa a ƙirji ko a ƙafa, katanga take samu, ta buga ta koma inda ta fito. A filinmu wannan ba ya tona masa asiri, domin ƙasar da tauri, ƙwallo na tashi sama bayan ta faɗi, shi kuma dogo ne, sai ya jira ta ya sa kai. Ƙwallayen da ya ci ke nan, kai kuma kana bakin fili kana cewa jini ba ya ɓuya.

Baiwarsa a hannu take, kuma kai ka koya masa ba tare da niyya ba. Tun yana ƙarami kake ɗora shi a kan katanga, kana ƙasa kana jefa masa tubali yana cafewa. Ni da nake wucewa zuwa makaranta na sha tsayawa ina kallo. Sauran yaran gini in sun cafe tubali sai ka ji tim, gefe ya gutsure, ƙasa ta zubo wa na ƙasa a ido. Shi kuwa hannunsa ke fita ya tarbi tubalin tun yana sama, sannan ya biyo shi baya a hankali har nauyin ya mutu. Ba ka jin ƙara. Idonsa ba ya barin tubalin sai ya zauna a tafinsa, ko da kuwa ana yi masa magana ta baya. Duk abin da kake nema a ƙirjin yara, ga shi a hannun ɗanka, kullum a gabanka.

Ka tuna wasan da muka je garin Jajaye, ranar da zazzaɓi ya kwantar da golanmu muka rasa mai tsayawa? Nasiru ya shiga raga don babu yadda za a yi. Bugun kwana nawa suka yi, duk a sama ya tsince su, mutane na karo da shi suna zubewa. Har 'yan Jajaye sai da suka tafa masa. Na goyo ka a keke muka dawo, tun daga can har ƙofar gidanka ba ka ce uffan ba, kai da ba ka iya shiru ko a gidan makoki. Ni ma ban ce ba. Mako na zagayowa ka mayar da shi gaba. Na so in yi maka maganar, sai ciwonka ya tashi, na ga ba lokacin musu ba ne. Ni da kai mun yi musu a kan komai, har a kan wanda ya girmi wani, amma wannan ɗaya mun bar shi.

Da tafiya Kano ta matso, na kira shi zaure na gaya masa abin da na gani. Ya saurare ni kansa a ƙasa har na gama. Sannan ya ce, Baffa, na ji, amma Baba a lamba tara ya bar ni, a tara zan je. Da na leƙa in sallami Hajara ta ce ita ba ta san tara ba, ba ta san goma ba, abin da ta sani kawai kada yaron nan ya dawo da kansa a sunkuye. Ta ce in raka shi. Na nemi izinin hedimasta na bi shi.

Filin nasu ciyawa ce, Haladu, kore shar, har ban ruwa ake yi mata da safe. Kai da ba ka taɓa taka irinsa ba da ka tsaya kana lissafin awaki nawa zai ciyar. A nan abin da nake tsoro ya faru. A jiƙaƙƙiyar ciyawa ƙwallo ba ta tashi, sulalewa take. Nasiru yana tsaye yana jiran ta yi tsalle kamar a gida, ita kuwa ta wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa. Wadda ta zo a ƙirji ta buga ta tafi wajen abokan gaba. Ya yi gudu, ya yi karo, jar rigarka ta jiƙe sharkaf, amma ko sau ɗaya ƙwallo ba ta zauna masa ba. Ina kallon kocin. Da farko yana binsa da ido, can sai ya daina. Ka san wannan daina kallon, kai ma ka sha yi wa 'ya'yan mutane.

Da aka busa hutu na ga kocin ya fara nuna waɗanda za su tafi gida. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na gaishe shi, na ce ni baffan yaron can ne mai jar riga, ina roƙon alfarma ɗaya, a sa shi a raga kafin a sallame shi. Ya ce ai ba gola ya gayyato ba. Na ce na sani, ni ma ba gola na rako ba, amma ya gwada. Ya yi 'yar dariya ya kira Nasiru, ya miƙa masa wata baƙar riga mai dogon hannu.

Sai da ya cire taka kafin ya sa waccan. Ya tsaya riƙe da ita yana neman inda zai ajiye, bai ga wuri ba sai hannuna. Ya miƙo min bai dube ni ba. Na rantse maka, tun da muka binne ka ban ji abu mai nauyi irin rigar nan ba.

Kocin nan ya san aikinsa, da kun haɗu da kun shirya. Bai sa a yi masa bugun daga kai sai gola ba, ya ce wannan sa'a ce. Ya sa aka riƙa ɗago ƙwallo daga gefe, ya cika gaban raga da ƙarti, ya ce su ture shi yadda suka ga dama. Shi kuma ya koma bayan raga ya tsuguna yana kallon hannu kawai. Nasiru ya fita ya tarbi ta farko a sama da kan kowa. Babu ƙara. Ta biyu wani ya zuba masa gwiwar hannu a haƙarƙari, bai saki ba, idonsa bai bar ta ba sai da ta kwanta a ƙirjinsa. Aka jiƙa ƙwallon da ruwa aka sake, duk ɗaya. Sai kocin ya sa aka koma bugun ƙasa, a nan aka ci shi, ba sau ɗaya ba.

Bayan an tashi ya gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ƙafar Nasiru da nauyi, yana jinkirin faɗuwa, bugunsa kuma Allah ya sawwaƙe. Amma ya ce waɗannan duk ana koya wa mutum, hannu ne ba a koyarwa a filin ƙwallo, ya tambaya ina ya samo shi. Nasiru ya ce a kan katanga. Kocin bai gane ba, mu ma ba mu yi masa bayani ba. Ya ɗauke shi a matsayin gola na uku, zai zauna da su ya koyi sauran. Ba babban matsayi ba ne, mai yiwuwa ya shekara bai buga wasa ba. Amma ya shiga, Sani kuma ya cika alkawari.

A mota muna dawowa ya yi irin shirunka na hanyar Jajaye. Sai da muka wuce Karaye ya juyo ya ce, Baffa, Baba ya sani? Na ce masa Allah ne masani. Amsar malamin makaranta ke nan in an tambaye shi abin da ba ya cikin littafi.

To kai nake tambaya yanzu. Ka sani? Ni dai ina zargin ka sani. Da ciwo ya ci ƙarfinka har ba ka iya juyawa, duk wanda ya taɓa ka sai ka yi nishi, har Hajara, har ni. Cewa kake a kira Nasiru, hannun kowa na yi maka ciwo ban da nasa. Mai auna yaran gari guda bai san abin da yake faɗa ba? Ko dai ka ga abin tun ranar Jajaye, rigar ce kawai ba ka iya cire masa da hannunka ba, ka bar wa taubashinka aikin kamar yadda ka saba bar min duk abin da ba daɗi? In haka ne na yi, kuma ban ji daɗinsa ba. In kuwa ba haka ba ne, na saɓa maka a kan ɗanka kana inda ba za ka iya musu ba, ka yafe min.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa Nasiru ba, ba na jin zan iya. Ranar da muka kai ka, da aka sauke makara, shi ya sauka ya karɓe ka. Ina tsaye ta wajen kanka. Masu miƙawa suka yi gaggawa, ƙafar ɗaya ta zame a sabuwar ƙasa, ka taho da nauyinka gaba ɗaya. Na ga hannunsa ya fita ya tarbe ka tun kana sama, ya biyo ka a hankali har ya kwantar da kai a gefenka na dama. Ko kafaɗarka ba ta bugi ƙasa ba. Kowa na salati, ni kuwa, Allah ya yafe min, hannun nake kallo. Tun ranar na daina shakka.

Nasiru ya koma Kano ranar Asabar. Da ya zo sallama na miƙa masa rigarka, ya ce in riƙe, wai ni na cire masa ita. Ban gane ko fushi ne ko godiya ba, kuma ban tambaya ba. Tana nan rataye a ƙusa a ɗakina, ta ɓangaren da ba ya yoyo.

Ka huta lafiya, Haladu. Allah ya jiƙanka, ya sa ka samu tarba mai taushi a can kamar wadda ka samu a nan.

Naka har mu haɗu,
taubashinka, wanda ya girme ka,
Isyaku.