Dada, An Ji Ku A Sama

Assalamu alaikum, Dada. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kin sauka Madina lafiya, ke da Goggo Asta. Ita za ta karanta miki wannan a wayarta, masu leƙe kuma su leƙa.

Kin tuna shekarar da muka gudo sansanin 'yan gudun hijira na Damare? Da kin ji ƙarar jirgi sai ki ja ni ƙarƙashin gado, ni da na fi ki tsayi. Shi ya sa ranar da Kawu ya kawo albishir ɗin kujerar Makka, kowa yana guɗa, ke ko ruwa ba ki sha ba. Kika ce, "A ƙasa ma mun yi ihu ba a ji mu ba. A sama wa zai ji?"

Ke a zatonki ciyawa kawai nake nomewa a gindin dogon ƙarfen rediyon da nake gadi. Sai na zauna na faɗa miki rediyon matuƙa jirgi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na cikin filin jirgi a Jimeta, da shi ake magana da jirgi tun yana ƙasa. Akwai wanda yanayin sama kawai yake faɗi. In kuma jirgi ya yi nisa, muryar hasumiyar filin jirgi ta kasa kai masa, sai irin wanda nake gadi a daji ya karɓa ya miƙa, kamar yadda kike aika saƙo ƙauye ta bakin masu nono. Kika ce in dai nawa ne zai ji ku, za ki hau. Na yi miki alkawarin zai ji ku.

To ga abin da ba ki sani ba. Da safen ranar tashinku, Injiniya Musa ya zo sauya batirin da ya yi sanyi, muka tarar ƙudan zuma sun yi dunƙule a ƙofar ɗakin rediyo. Babba da shi, ya ja riga ya rufe kai, yana cewa in kawo fetur. Fetur kusa da wayoyi, Dada!

Na tsinto busasshen kashin shanu, na hura shi a kasko yadda kike yi a bayan gidanmu na da. Kullum kina cewa in zauna in bar hayaƙi ya yi aikinsa. Na zauna. Injiniya yana duba agogo, ni ina duba alkawarina. Biyu suka harbe ni a kunne, sauran na zuba su cikin tulu a hankali, ƙofa ta buɗu.

Bayan azahar murya ta fito daga akwatin rediyon. Turanci ne, "Yola" kaɗai na kama, amma Injiniya ya nuna ni da yatsa ya ce ga na Dada nan. Matuƙinku yana magana a natse kamar mai tambayar lafiyar iyali. Da ya gama, hasumiya ta amsa masa.

An ji ku, Dada. Da kumburarren kunnena na ji an amsa.

Tulun yana rataye a tsamiyar bayan shinge, kafin ki dawo ƙila sun tara miki na kunu. Allah ya karɓi ibadarki, ya cire miki sauran tsoron, ya dawo mana da ke lafiya. Ranar ma ina gindin ƙarfen.

Ɗanki mai kunne ɗaya babba,
Hammadu