Tafin Malalaci a Marsiliya

Yaya Zuwaina,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? A shelanta wa garinmu Tilimsan kaf cewa sana'ar ƙaninki ta samu daraja a Faransa.

Jiya a siliman unguwa aka nuna tsohon fim ɗin barkwanci, na wani da ya rantse ya bar aiki har abada. Jama'a suka miƙe suna tafi. Maƙwabcina Gaston, mai gasa burodi, ya zungure ni: "Lahdar sarkin hutu, miƙe mana, ubangidanka ake yabo."

Na miƙe. Shi ɗan fim da gangan ya kwanta. Ni masaƙarmu aka rufe. Lafiyata ƙalau, amma bana ma kada Inna ta zuba ido tana jiran aike.

Saboda hassadar da na yi wa ɗan fim ɗin, na ci kaina tarar shan shayi ba sukari. Dama ya ƙare.

Ƙaninki,
Lahdar