Sunan Kakanmu Na Bakwai

Unguwar Sarki,
Kaduna.

Zuwa ga Baffana Abdurrahim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali da mutanen Zangon Kumasi baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta ciwon gwiwar da na ji an ce yana damunka. Mu ma nan sai godiya. Umma na nan tana fama da shagonta na atamfa a Babbar Kasuwa. Abba kuwa tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai gyara wa masu karanta labarai a rediyo Hausarsu, alhali ba jin sa suke yi ba. Yayata Nafisat ta sauka lafiya, an samu namiji.

Baffa, albishir nake tafe da shi. Wata jami'a a birnin Almaty na ƙasar Kazakistan ta ba ni gurbin shekara guda, in je in yi binciken digirina na uku a kan asalin Kazakawa da yadda suke riƙe tarihinsu da ka. Na san za ka ce su wane ne kuma waɗannan. Musulmi ne, asalinsu makiyaya masu dawaki da tumaki da raƙuma, harshensu kuma dangin na Turkawa ne. Da haruffan Larabci suka taɓa yin rubutu kamar ajaminmu, kafin a sauya musu har sau biyu. Shekara uku ina karanta su a littafi, har Umma ta ce da Bakazake zai shigo gidan nan, ni zan yi masa kwatancen garinsu. Yanzu ga shi zan zauna gaban tsofaffinsu in ji da kunnena. Ranar da saƙon ya zo, kuka na yi don murna.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne al'adarsu ta sanin kakanni bakwai. Ana so kowane yaro ya iya jero iyayensa maza tun daga mahaifinsa har na bakwai, kuma duk waɗanda suka haɗu a cikin bakwai ɗin nan ba sa auren juna. Da na faɗa wa Umma haka, sai ta riƙe baki, ta ce to da can aka haife su ita da Abba, da yanzu babu ni, tunda ɗan wa da 'yar ƙani ne. Muka yi ta dariya. Da na sani ma da ban kawo zancen a gaban Abba ba, domin nan take ya rage muryar rediyo. Ya ce shi bai ga yadda mutum zai tsallake duniya ya je rubuta kakannin wasu ba alhali bai san nasa ba. Ya ce in kawo masa namu bakwai cif, in ba haka ba babu inda za ni. Ka dai san ƙaninka, in ya faɗi magana ba ya janye ta ko da shi ma ta dame shi.

Na ce to ya fara mini. Ya gyara zama, ya kira kansa, ya kira Malam Sabo mahaifinku, sai Rabi'u, sai Ɗanladi, daga nan ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Washegari na hau Keke Napep zuwa Rafin Guza wajen Gwaggo Delu. Sai da ta sa na cinye kwanon dambu, ta tambaye ni ko gaskiya ne mutanen can nonon goɗiya suke sha, na ce gaskiya ne, ta yi salati, sannan ta ƙara mini biyu: Abubakar mai fataucin gishiri, da mahaifinsa, wani Sabon, wanda aka mayar wa Malam sunansa. Shida ke nan. Na bakwai kuwa ta ce a duniya kai kaɗai ka rage da ka san shi, domin kai ne ka tashi a hannun kakanku Rabi'u a Malumfashi, kana zuba masa ruwan alwala yana ba ka labari.

Na dawo gida da gudu da murnata, na mance shaf cewa tun rasuwar Malam da saɓanin da ya biyo baya, kai da Abba ba ku sake jin muryar juna ba. Ban tuna ba sai da na ambaci sunanka a gabansa. Su kuma mutanen jami'ar suna jiran amsata kafin ƙarshen watan nan, in ban amsa ba za su ba wani. Baffa, ina son tafiyar nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na ce wa Abba zan rubuto maka ka aiko mini da sunan. Ya ce a'a, shi ba zai karɓi sunan kakansa daga hannun 'yarsa ba, daga bakin yayansa yake so ya ji. Ya ce in gaya maka lambarsa ba ta canja ba. Tun daga ranar ba ya yarda wayarsa ta mutu, kuma ko masallaci za shi sai ya bar wa Umma ita, ya ce in aka kira daga Gana kada ta bari a katse kafin ya dawo. Don Allah Baffa ka kira shi.

Ka gaishe mini da Inna Salamatu da Yaya Sharhabil da Safiyya da yaranta. Umma da Gwaggo Delu suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

'Yarka mai jiran amsarka,
Umaima Yahya