Marin da Na Yi wa Kwamfutar Hauwa

Daren Laraba, Gesse.

Yau na fasa kwamfutar Hauwa da hannuna. Ni na matsa mata ta sa mini manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar Malam Bitrus, maƙwabcinmu a Argungu, wadda muke jona wa talabijin mu yi wasan jiragen yaƙi muna yara. Jirgin yaƙina ya fito, ina ta ɓarin wuta, sai hoto ya tsaya cak. A gidan Malam Bitrus mari ke tada talabijin. Ni kuwa gwani, na ɗauke kwamfutar Hauwa da mari. Gilashi ya tarwatse, tafina ya tsage.

"Baba, aikin kammala karatuna na ciki," in ji Hauwa, tana ɗaure mini hannu.

Jibi za ta miƙa shi. Ko haƙuri ban ba ɗiyata ba tukuna.