Ƙorafi Kan Awon Igiya da Rufin Ɗakin Inna Tambaya

Sirajo Ladan,
Fakku, Ƙaramar Hukumar Kebbe.
14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Magina ta Haɗin Kai,
Tambuwal.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: LISSAFIN KANKARE DA BUBE NA'IYA YA YI MANA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni mai suna a sama ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifiyata, Inna Tambaya, dattijuwa mai shekara saba'in da takwas. Ɗakinta na ƙasa ya faɗi a daminar bara, Allah Ya tsare tana waje. Tun ranar take kwana a zauren gidan maƙwabcinmu, ita da ta shekara hamsin ba ta kwana gidan wani ba. Mu 'ya'yanta muka yi mata alkawarin ɗaki biyu na bulo mai rufin kankare, muka ɗauki ɗan ƙungiyarku, Bube Na'iya, don ya zuba rufin. Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Ranar 20 ga Janairu muka nemi Bube ya zo Fakku ya auna ginin. Ya ce hanya ba ta da kyau, mu auna da igiya mu ƙulla, mu aiko masa. Muka ɗauki igiyar guga, muka auna tsawo da faɗi daga cikin ɗaki, muka ba mai babur ya kai masa Tambuwal. Na faɗa masa a waya, har sau biyu, cewa awon ciki ne. Da wannan igiya ya yanke mana buhu ashirin da biyu na siminti, ya ce har sai mun ga saura.

2. Bai saka kaurin bango a lissafinsa ba. Bai saka bakin rufin da ke leƙowa waje don kare bango daga ruwa ba. Ni malamin firamare ne, ban san wannan ba, shi ya sa na nemi magini. Amma mutumin nan ya kwana fuɗu a Fakku yana shimfiɗa katako yana ɗaure rodi, yana tafiya a kan faɗin rufin da ƙafafunsa, tef ɗin awo na rataye a ƙugunsa. Na tambaye shi ko simintin zai isa, ya dube ni kamar na zage shi, ya tuna mini cewa ya fara gini tun ban san alli ba.

3. Ranar Asabar, 8 ga Fabrairu, muka kira gayya, domin shi da kansa ya ce rufin kankare a yini ɗaya ake gama shi. Mutum talatin da ɗoriya suka bar harkokinsu suka zo ɗaukar kwanon sarki. Mata suka jido ruwa tun da hantsi. Inna da kanta ta zauna ta dama fura, tana ta sa wa mutane albarka. Ana kiran la'asar siminti ya ƙare, kusan kashi ɗaya cikin uku na rufin rodi ne tsirara. Kafin nan ma, da ya ga buhuna na raguwa, sai ya sa a riƙa ƙara yashi a kwaɓin ba tare da ya gaya mana ba. Waɗanda suka kwaɓa suna nan, a shirye suke su ba da shaida.

4. Ranka shi daɗe, ka san Fakku ba inda ake tashi a samo buhu goma sha ɗaya nan take ba ne. Sai ranar Laraba, 12 ga wata, simintin ya iso daga Tambuwal, lokacin na farko ya riga ya bushe ƙarau. Bube ya zuba sabo a jikin tsoho, ya ce za su kama juna. Da muka fara ba rufin ruwa, sai ga shi yana ɗiga ta wurin haɗin, layi guda daga bango zuwa bango, daidai inda Inna ta nuna za a sa gadonta.

5. Ranar 5 ga Afrilu na kawo wani magini, Malam Jumare, ya auna da tef cikin minti goma. Ya ce buhu talatin da uku aikin ke buƙata tun farko. Ya kankare ɓangaren da aka cika wa yashi da ƙusa, yana zuba kamar garin tuwo. Ya hana a cire sandunan tokare, ya kuma hana kowa kwana a ciki. Bube kuwa ya daina ɗaukar wayata. Saƙon da ya aiko ta bakin mai babur shi ne, wai igiyarmu ce ta yi ƙarya. Wallahi wannan magana ta fi tsagewar rufin ƙona mini rai.

Saboda haka ina roƙon ofishinka, cikin girmamawa, da ya kira Bube Na'iya ya zo ya yi bayani a gabanmu, ya turo masana su duba rufin su faɗa mana gaskiya ko gyara ne ko rushewa, a kuma sa Bube ya yi aikin kafin ƙarshen Mayu. Haka nan a hana 'yan ƙungiya yanke siminti a kan ginin da ba su auna da hannunsu ba. Mai babur ya dawo mini da igiyar, tana wurina da ƙullinta, zan kawo ta duk ranar da aka neme ni.

Ban iya faɗa wa Inna gaskiya ba har yau. Na ce mata kankare ne bai gama bushewa ba. Kullum da safe takan dogara sandarta ta je ta share ƙofar ɗakin, ta leƙa tsakanin sandunan tokare, ta dawo zauren mutane ta zauna. Jiya ta kalli gabas ta ce mini hadari ya fara haɗuwa, in taimaka in kai mata tabarmarta ɗakinta ko da bai bushe ba.

Ina jiran amsarka. Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,

Sirajo Ladan