Tayoyin Bayan Motar Sada

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu mai faci,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, na san takardar nan ba ta da mai kai maka, kuma ba za ka taɓa karanta ta ba. Amma abin da ke cikina ya fi ƙarfin in faɗa wa mai rai.

Inna tana nan, sai ciwon gwiwa da sauƙi. Rumfarka ta Ƙofar Marusa tana hannuna, bana na sake mata kwano. Direbobi har gobe da sunanka suke kiranta.

Maganar Sada ce, autanka. Ka tafi ka bar shi ba sana'a, ni kuma na matsa wa Inna aka sayar da gonarka ta Batagarawa aka saya masa motar haya. Ban taɓa gaya maka ba, amma tun kana raye nake jin haushin yadda kake lallaɓa shi, ni ka bar ni da guduma cikin rana. So na yi in nuna ni zan mai da shi mutum.

Wata huɗu da suka wuce ya kawo motar, wai tana cin taya. Na tsuguna na shafa da tafin hannu yadda ka koya mini. Na gaba lafiya lau. Na baya kuwa duka biyun sun cinye ta ciki, gefen waje zanensa kamar jiya aka sayo. Na bi abin daki-daki. Da iska ce ta yi yawa, tsakiya ce za ta suɗe. Da kaɗan ta yi, gefe biyun za su tafi tare. Na sa geji na auna iskar, daidai take. Na ɗaga motar da jak na girgiza ƙafafun, ba inda ya yi wasa. Shokozoba mai tare girgizar mota ma da ranta, da ita ce da tayar ta yi tudu da kwari. Na tura shi wajen masu saitin ƙafa, suka ce ba su ga abin gyara ba.

Me ya rage, Baba? Kai ka ce in aka danne mota da kayan da suka fi ƙarfinta, sai ta ware ƙafafun baya ta taka da ciki. To, ido ba mudu ba, amma ya san kima. Fasinjojin Katsina zuwa Batagarawa, a kan kwalta, nauyin me gare su? Zuciyata ta ba ni wani abu tun ranar, na haɗiye. Na sa masa wasu tayoyin, ya ce in ƙara masa sifirin mai ƙarfi, na ƙara ban tambayi dalili ba.

Wata biyu kacal suka sake cinyewa. Wannan karon na zaro ƙayoyi daga cikin zanen, da busasshiyar laka irin wadda babu ita a cikin gari. Na buɗe but ɗin bayan motar, warin fetur ya buge ni, ga shatin gindin jarkoki a jere, ga ɓarɓashin burodi. Wa ke sayen fetur a jarka da burodi a buhu cikin daji, in ba mutanen nan masu bindiga da ba a son kama sunansu da ƙarfi ba?

Na ja shi bayan rumfa na gaya masa abin da na gani. Bai musa ba. Cewa ya yi shiga ce mai sauƙi, fita ce wuya, kuma in ina son kaina da lafiya in kama bakina. Ba tsiwa ya yi mini ba, Baba, shi ma tsoronsu yake ji.

Yau kwanansa shida bai shigo gida ba, wayarsa a kashe. Na ce wa Inna lodin Kano ya samu. Kullum sai ta zuba masa tuwo ta rufe.

Jiya da hantsi motar ta tsaya a gaban rumfa, wani baƙo ya fito daga mazaunin direba. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, har ya kama sunan 'yata Hauwa da makarantar da take zuwa. Ya ce Sada yana wajensu lafiya ƙalau, zai dawo in motar ta koma da sababbin tayoyi.

Da kai ne, yaya za ka yi? In na ƙi, ran Sada ne. In na ɗaura, ran wasu bayin Allah ne a wani ƙauye da ban sani ba. Na ɗaura, Baba. Da sifanarka na ɗaure notunan, hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da zai tafi ya yaba aikina, ya ce akwai wasu motocin biyu, ranar Laraba za su zo.

Sada bai dawo ba har yanzu. Gobe Laraba.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ba ka ganin halin da muke ciki.

Ɗanka na fari,
Lawal