Burtsatse a Layin Sama, Ruwan Tsatsa a Lambuna

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke tankaɗe kwal a bakin rafinmu, Rafin Guza, Kaduna.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Makon jiya kamfaninku ya buɗe rijiyar burtsatse a layin sama, kusa da ƙofar shigarku. Na je, na sha, ruwan garau yake. Na dawo gida da kishi, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Na yi ritaya daga aikin gyaran rubutu a gidan jarida, yanzu lambun alayyafo da latas nake yi a gangaren rafi. Aikina na dā ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Ga abin da na tabbatar.

Na ɗaya. Kwal ɗin da manyan motoci ke kawo muku daga wurin haƙa yana zuwa da baƙin dutse da gari. Kuna tankaɗewa, ku jibge tarkacen a bayan katanga.

Na biyu, kuma nan akwai laifinmu. Bara kun ba mutanen layin sama tarkacen kyauta suka cike ramukan hanyarsu. Da muka ga hanyarsu ta yi sumul kamar an zuba kwalta, sai muka ji haushi. Ni da hannuna na rubuta takardar roƙo a madadin layinmu. Kuka aiko tifa uku, muka toshe kwazazzabon da ke gangarawa rafi, har da kabbara. Mun ɗauka marmara ce baƙa. Ku kun san mene ne, ba wanda ya ce mana uffan.

Na uku. Tun damina ruwan rafin ya koma ja kamar tsatsa, yana ƙarnin ƙarfe. Talibambam ma babu. Irin latas da na yafa sau biyu ya ƙone. Maƙwabciyata Mama Rifkatu, mai wankau, ta daina karɓar fararen kaya.

Mutanen layin sama ba su taɓa ɗiban ruwan rafi ba, rijiyoyinsu na gida lafiya lau suke. Su aka ƙara wa ruwa, domin su baƙinku ke gani daga mota. Ba na so a karɓe nasu. Ina tambaya ne da wane ma'auni aka auna.

Roƙona: ku kwashe tarkacen daga kwazazzabon da bayan katangarku, ku haƙa mana rijiya a gangare kafin lokacin dashen rani ya wuce. In ya wuce, bana ba ni da lambu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da aikinka lafiya.

An ce wasu mutum biyu da suka zo suka ɗebi ruwan rafin a kwalabe sun dawo da sakamakon gwaji, yana ofishinka. Daga bakin maigadinku na ji, ban tabbatar ba.

Wassalam.

Isiyaku mai lambu,
Layin gangare, Rafin Guza.